Elfancin wasan Dragon Age: cikakken harshe ne, ko tarkacen harshe?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya gama buga wasan kwamfutar nan Dragon Age: Inquisition har da ƙarin babinsa na Trespasser, yaren Elfawa (Elves, wata ƙirƙirarriyar al'umma a wasan) ya shiga ransa, yanzu kuma yana rubuta ɗan labarinsa a cikin duniyar wasan. Yana so jarumin labarin ya ce wa masoyiyarsa da Elfanci, "Da na san haka za ta faru, da ban tafi na bar ki ba." Tambayarsa ita ce: shin wannan yare cikakke ne da mutum zai zauna ya koya, kuma yaya za a faɗi jimlar?

Ɗan'uwa, bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Jimlar nan taka ba za ta faɗu da Elfancin da kamfanin BioWare ya saka a wasanninsa ba. Duk wanda ya miƙo maka fassararta, rabin abin da ya ba ka shi ya ƙirƙira, ko kuma ya kwaso daga wani da ya ƙirƙira. Dubi kayan da jimlar take buƙata: hanyar faɗin sharaɗin da bai auku ba, wato "da ... da ...", alamar da ke nuna aiki ya wuce, hanyar kore aikatau a cikin sharaɗi, da wakilin suna na "ki" wanda ba zai rikice da "nawa" ba. A cikin waɗannan babu wanda wasan ya tsayar masa da ƙa'ida tsayayya. Na ce Elfawa ne ban ce aljanu ba, domin a wasan mutane ne masu jini da tsoka, ana bautar da su, suna jin yunwa, suna tsufa su mutu.

Ƙirƙirarrun harsuna hawa-hawa ne. Akwai waɗanda aka gina don a yi magana da su: Esperanto da Zamenhof ya fitar a 1887, ko Klingon na finafinan Star Trek wanda masanin harshe Marc Okrand ya tsara har ya wallafa masa ƙamus a 1985. Irin waɗannan suna da nahawu a rubuce, kana iya yin kuskure a cikinsu a gyara maka, wanda shi ne babbar shaidar cewa akwai ƙa'ida. Akwai kuma abin da masu wannan sana'a ke kira harshen raɗa suna: marubuci ya zaɓi sautuka, ya tara saiwoyin kalmomi, ya riƙa haɗa su yana fitar da sunayen birane da alloli da gaisuwa da zagi. Yawancin yarukan wasannin kwamfuta a nan suke. Wasu ma ba su kai nan ba. A World of Warcraft, da ya fito a 2004, idan ɗan ɓangaren abokan gaba ya rubuta magana, na'urar wasan ce ke musanya kowace kalma da wata mai yawan haruffa iri ɗaya, shi ya sa "lol" ɗin da ɗan Horde ya buga take bayyana wa ɗan Alliance a matsayin "kek". Wannan rufa-ido ne kawai. Sunayen ƙabilun Elfawansu dai suna da tsari, kaldorei da sin'dorei da quel'dorei duk sun ƙare da dorei, "'ya'ya", kamar yadda Altmer da Dunmer da Bosmer na wasannin Elder Scrolls suka ƙare da mer.

Ko kakan wannan harka, Tolkien, farfesan Oksfod wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana taɓa Quenya da Sindarin, harsunan Elfawan littattafansa, bai bar harshen da za ka yi hirar yini da shi ba. Da aka zo shirya finafinan littafinsa The Lord of the Rings da suka fito daga 2001 zuwa 2003, sai da aka ɗauko masanin harshe David Salo ya cike giɓi. Amma shi Tolkien ya gina wa harsunansa tarihi: ya ƙirƙiro harshen kakanni, sannan ya bi dokokin sauyin sauti ya fitar da 'ya'yansa, Quenya da ƙamshin harshen Finlan, Sindarin da ƙamshin na Wels. Shi ya sa jam'in Sindarin ke karyewa daga ciki, adan ya zama edain, amon ya zama emyn. Wanda ya saba da akuya da awaki, ko sarki da sarakuna, ya san irin wannan karyewar alama ce ta harshen da ya daɗe a bakin mutane. Elfancin Dragon Age ba shi da wannan zurfin ko kusa.

Abin da yake da shi, wanda kuma nake jin shi ne ya kama ka, saiwoyi ne 'yan ɗaruruwa da suke maimaituwa da gaskiya daga Origins, wasan farko na jerin, na 2009 zuwa The Veilguard na 2024. Ɗauki len, "yaro" ko "ɗa". Dattijo zai kira ƙaramin yaro da'len, da kuwa "ƙarami" ne. Wadannin da ke zaune a ƙarƙashin duwatsu su ne durgen'len, 'ya'yan dutse. Mu 'yan Adam kuma shemlen, 'ya'ya masu sauri, saboda a idon al'ummar da a da ba ta mutuwa, rayuwar mutum ƙiftawar ido ce. Idan Ba'elfe ya ji haushi ya gajarta ta zuwa shem, ta koma zagi. Ka ga kalma guda ta ɗauko maka tarihi da raini a lokaci ɗaya.

Haka shiral, "tafiya". Da ita ake sallama, dareth shiral, a sauka lafiya. Ita ce kuma a cikin Halamshiral, birnin da ka je liyafar fada a Inquisition, halam "ƙarshe", wato ƙarshen tafiya, sunan da Elfawa suka raɗa wa wurin da suka sauke kaya bayan doguwar tafiyar fitowarsu daga bauta. A lokacin wasan birnin yana hannun masarautar Orlais, masu faɗa-a-ji na rawa a fada, jikokin waɗanda suka raɗa sunan suna ɗaukar tire. Wanda ya san ma'anar sunan, liyafar nan daban take zame masa.

Wadda na fi so ita ce ɗafa-ƙeyar an, mai nuna wuri. Andaran atish'an, gaisuwar girmamawa, ana fassara ta da "shigo wannan wuri cikin aminci". Arlathan, tsohon babban birninsu, "wurin ƙauna", ga lath ɗin nan a tsakiya wadda ka ji a ar lath ma, "ina ƙaunarki". Elvhenan, sunan tsohuwar daularsu, "wurin mutanenmu", daga vhen, "mutane". To sai ka duba vhenan, kalmar da Solas, Ba'elfen nan abokin tafiyarka a Inquisition, ke kiran masoyiyarsa da ita, wadda ake fassarawa da "zuciya". Vhen da an ne a haɗe. Ana iya karanta ta a matsayin "wurin da mutanena suke", shi ya sa wasu ke fassara Elvhenan da "zukatanmu". Ko marubutan sun yi da gangan ko dace aka yi, kalmar ta zauna daram: a harshen al'ummar da aka raba da ƙasarta sau biyu, zuciya da gida saiwarsu ɗaya.

Har nan komai lafiya, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa su ɗauka akwai cikakken nahawu a ɓoye, sai dai a tono. Ni ma na ɗauka haka. Bayan fitowar Inquisition a 2014 na sayi littafin rubutu musamman, na raba kowane shafi gida uku: jimlar Elfanci, fassarar da wasan ya bayar, da wanda ya faɗe ta da inda ya faɗa. Ina tsayar da wasa ina kwafa, wani lokaci in maimaita fage sau huɗu don harafi ɗaya. Sunaye sun ba ni haɗin kai. Wakilan suna ne suka kayar da ni, musamman ma. A ma vhenan tana nufin "tawa", zuciyata. A ma serannas ma haka, godiyata. Amma a ar lath ma ta koma "ke" ko "kai", ina ƙaunarki. A ma nuvenin, "yadda ka ce" ko "yadda kake so", ita ce mai yin aikin. Kalma ɗaya tana nuna mai magana a wannan jimla, tana nuna wanda ake yi wa magana a waccan, babu wata alama da ta raba. Na yi makonni ina neman ƙa'ida: ko wurin da ta zauna ne, ko kalmar da ke bin ta. Kowace doka na kafa, sai jimla ta gaba ta rushe ta. Ɓangaren "ni" ma bai fi ba, ga ar, ga ir, ga emma, ga mir. Ir abelas ita ce "yi haƙuri", a zahiri "ina cikin baƙin ciki", sai ka ce ir na nufin "ni ne". Sai kuma ka tarar da emma ir abelas a waƙar makokinsu, inda emma ta riga ta ɗauki aikin "ni", ir ta zama kamar "ƙwarai". Harsunan gaske ma suna da kalmomi masu fuska biyu, amma su akwai karin sauti ko tsawon wasali ko tsarin jimla da ke warwarewa. A nan babu. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne marubuta daban-daban ne suka yi ta ƙara jimloli cikin shekaru, kowa na zaɓar abin da ya yi daɗi a bakin ɗan wasan murya.

Jerin kalmomi ma yawanci na Turanci ne aka sauya wa riga. Mai aiki, aiki, wanda aka yi wa: ar, lath, ma. Mai mallaka kafin abin mallaka: ma vhenan, inda mu za mu ce "zuciyata" mu kawo mai abu a ƙarshe. Marubutan da Turanci suke tunani, hannunsu kuma ya nuna.

Akwai fage guda da nake ba ɗalibai idan ina so su ga iyakar ƙarfin yaren da iyakar rauninsa a wuri ɗaya. Shi ne inda Solas ya durƙusa gaban abokiyarsa, ruhin Hikima, bayan matsafa sun tilasta mata ta rikiɗe ta zama dodo. Ya ce ir abelas. Ta amsa da tel'abelas, "ni ban yi baƙin ciki ba". Ga ɗafa-goshin korewa, tel, ya fito fili. Ta ƙara da ir tel'him, wanda aka fassara da "na dawo ni", alhali him "zama" ce ko "rikiɗa", wato a zahiri cewa ta yi "ba na rikiɗa". Wannan gini ne mai kyau, duk masanin harshe zai yaba. Sannan ta ce ma melava halani, "ka taimake ni", da ma ghilana mir din'an, "ka raka ni zuwa mutuwa". Na farko labarin abin da ya wuce ne, na biyu roƙo ne, amma aikatau bai canza siffa ba a ko ɗaya. Melava, da ke da alaƙa da kalmar lokaci, ita kaɗai ce ke ɗan nuna an wuce, kuma ba za ka same ta a ko'ina ana bin ta a matsayin doka ba. Fassarar da ke ƙasan allo ce ke ɗauke da rabin ma'anar. Cire ta, jimlar ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Inda BioWare suka yi wayo, kuma a ganina nan ne suka fi takwarorinsu, shi ne sun mayar da wannan giɓi ya zama labarin kansa. A tarihin wasan, daular Tevinter ta rushe Arlathan ta bautar da Elfawa na ƙarnoni, harshe ya zube a cikin bauta. Da suka sami 'yanci bayan tawayen annabiya Andraste, wanda wani Ba'elfe mai suna Shartan ya jagoranci Elfawa a cikinsa, aka ba su ƙasar Dales, suka fara tattara abin da ya rage. Sai majami'ar Chantry da Orlais suka kai musu yaƙin addini suka ci ƙasar, kusan shekara 700 kafin zamanin Inquisition. Waɗanda suka miƙa wuya aka zuba su a unguwannin talakawa na birane, inda abin da ya saura a bakinsu bai wuce hahren, "dattijo", da vhenadahl, itacen mutane da ke tsakiyar unguwa, da shem ba. Waɗanda suka ƙi su ne Dalish, masu yawo da kekunan aravel da barewar halla, kowace zuriya da mai adana mata tarihi, sai duk bayan shekara 10 su haɗu su gwada abin da kowa ya riƙe. Saboda haka idan Merrill, 'yar Dalish ta Dragon Age II, tana magana da harshen kowa ta jefa lethallan, "ƙawa", ko ma serannas a tsakiya, iyakar abin da ta gada ke nan. Marubuci bai da cikakken harshe, jarumarsa ma ba ta da shi, lissafi ya yi daidai.

Sun ma wuce nan, suka mayar da kuskuren fassara makami. Dalish na kiran Fen'Harel allan yaudara, harellan kuma a bakinsu maci amanar danginsa ne. Amma akwai wata takarda da ake tsinta a Inquisition inda wani malami ke cewa kalmar ba ta cikin tsofaffin rubuce-rubuce, saiwarta ta fi kusa da harillen, "adawa", da hellathen, "gwagwarmaya mai daraja", don haka allan tawaye ya fi dacewa da shi. Tunda ka gama Trespasser ka san inda wannan hannunka-mai-sanda ya dosa. Wannan shi ne sauyin ma'ana kamar yadda yake faruwa a harsunan duniya: wanda ya ci yaƙi shi ke yanke ko kalma za ta nufi ɗan tawaye ko maci amana. Haka vallaslin, vallas "rubutu" da lin "jini", zanen fuskar da matashin Dalish ke karɓa da alfahari a matsayin shaidar girma da riƙon gado, sai ga Solas yana faɗa wa masoyiyarsa cewa a zamanin Arlathan tambarin bayi ne. Kalmar ta tsira, fassararta ta zahiri ma ta tsira, abin da take nufi ne ya ɓace. Shi kansa Solas sunansa "girman kai" ne, mai gadin haikalin allahiyarsu Mythal kuma Abelas, "baƙin ciki". Wanda ya riƙe ƙamus ɗinsa tun Origins ya riga sauran 'yan wasa jin ƙanshin inda labari zai faɗa.

Wani ɗan abu kan furuci, tunda za ka so karanta layukan jaruminka a bayyane. Alamar nan da ke tsakiyar Fen'Harel da da'len da atish'an, idonmu zai so ya karanta ta da ɗan tsayawar maƙogwaro irin ta "sana'a" ko "jama'a". 'Yan wasan murya ba sa yin haka. Galibi alama ce kawai ta inda aka ɗinke kalma biyu, kuma ko a nan ba a bi ta sau da ƙafa ba, durgen'len na da ita, shemlen babu. Harafin h na vhenan da elvhen ma ado ne, ba a jin sa. Idan kuma kunnenka ya ji wani kari na daban a muryar Merrill da Solas, 'yan wasan da suka yi muryoyin, Eve Myles da Gareth David-Lloyd, mutanen Wels ne. Inuwar Tolkien ce har yanzu: tun da ya jingina Sindarin da harshen Wels, masu ƙirƙira suka saba jin cewa haka bakin Ba'elfe ya kamata ya yi. Elfawan labarin Witcher ma can suka sha ruwa, Gwynbleidd ɗin da suke kiran jarumin labarin, Geralt, da shi, "farin kyarkeci", kalmomin Wels ne biyu aka ɗan taɓa.

Za ka ci karo da dogayen ƙamusoshi da darussan nahawu na Elfanci a intanet, har da teburin lokuta da ƙidaya da jam'i. Aikin masoya wasan ne, wasu kuma sun yi ƙoƙari na ban mamaki, sun ɗauki saiwoyin asali suka gina abin da BioWare ba ta gina ba. Ba na hana ka amfani da su. Matsalar ita ce sun yaɗu har sun cakuɗe da na asali, mutum zai rantse maka kalma daga wasa take alhali wani ne ya ƙirƙire ta a ɗakinsa. Na taɓa ganin wanda ya sa aka zana masa jimla a zobe, daga baya ya gano kalma biyu cikin huɗu ba su taɓa fitowa a wasa ko littafin kamfanin ba. Gida na uku na littafin rubutuna, wato wa ya faɗa kuma a ina, shi ne ya fi sauran amfani. Kalmar da ba ka iya cike mata wannan gidan ba, ka sa mata alama da jan biro, ka san aro ce.

Game da labarinka, zaɓi biyu ne. Ko ka ɗauki ɗaya daga cikin tsare-tsaren masoyan ka bi shi shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ka kuma faɗa wa masu karatunka haka, ko ka yi abin da marubutan wasan suke yi, wanda ni shi zan zaɓa. Idan jaruminka ɗan Dalish ne na zamanin wasan, bai kamata ma ya iya faɗin doguwar jimlar sharaɗi da Elfanci ba. Idan ya iya, mai karatu da ya san duniyar zai tambaya a ina ya koya, tunda sai irin su Solas da Abelas da suka rayu a wancan zamani ke zuba shi haka. Bar shi ya faɗi nauyin maganar da harshen da kake rubutu da shi, Elfancin ya riƙe bakin jimlar, inda numfashi ke karyewa:

"Ir abelas, vhenan. Da na san haka za ta faru, da ban tafi na bar ki ba."

Kalmomi ukun farko duk daga wasa suke, kowace da inda aka faɗe ta. Idan ita ce za ta juya ta tafi, amsarta tana nan a shirye, tel'abelas in ta yafe, dareth shiral in ba ta yafe ba. In kuma so kake ta yi masa baki, Dalish na da dirthara-ma, "ka koya", wadda a wurinsu tana cikin mafi munin abin da za a yi wa mutum fata.